Watan Biki Ne Ke Zaɓen Tsibirin Amarci

Hoton tsibiri ba ya ɗauke da kwanan wata. Farin yashi, bishiyar kwakwa da ta sunkuya kan ruwa, ɗakin da aka kafa bisa turaku a cikin shuɗin teku, kowane mai otal yana da irin wannan hoton, kuma ya ɗauke shi ne a ranar da gari ya fi washewa a shekara. Ango da amaryar da suka yi tanadin yawon cin amarci galibi daga nan suke farawa, su ƙyasa wuri, sannan su shiga neman tikiti. A ganina an fara lissafin ta baya. Kowane tsibiri na yankin zafi yana da daminarsa da raninsa, wasu har da watannin mahaukaciyar guguwa, kuma waɗannan lokuta ba sa zuwa tare. Watan da Maldibs take kan ganiyar kyanta, a watan ne mutanen Morishus ke sauraron gargaɗin guguwa a rediyo, Bali kuma ruwa na tsuga. Tunda ranar ɗaurin aure iyaye ne ke sa ta, tambayar farko da ta rage wa ma'aurata ita ce wane tsibiri ne ke cikin rani a wannan watan. Maganar kuɗi da biza da abinci duk a bayanta suke.

Dalilin wannan saɓani iska ce, kuma manomin ƙasar Hausa ya san ta ko bai taɓa ganin teku ba: in ta kaɗo daga arewa maso gabas busasshiya ce, in ta juya ta taso daga kudu maso yamma sai a gyara garma. Tekun Indiya ma haka yake juya iskarsa sau biyu a shekara, sai dai abin da juyin ke kawowa ya danganta da inda tsibiri ya zauna. A Maldibs iskar arewa maso gabas ce ke kawo rani, daga Disamba zuwa Afrilu, teku ya kwanta, ruwa ya yi garau. Daga Mayu zuwa wajen Nuwamba iskar kudu maso yamma ke mulki, da hadari da igiyar ruwa. Zanzibar, wadda ke gaɓar Tanzaniya, damina biyu take yi. Babbar, wadda Waswahili ke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, kuma ruwan da ake yi a Afrilu kaɗai ba ya gaza na Agusta a Kano. Ƙaramar tana zuwa wajen Nuwamba. Tsakanin Yuni da Oktoba gari a bushe yake da sanyi-sanyi, Janairu da Fabrairu kuma rani ne mai zafi. Da iskar arewa maso gabas ce jiragen ruwan Larabawan Oman suka yi ɗaruruwan shekaru suna gangarowa Zanzibar, su jira ta juya, su koma gida da kanumfari da hauren giwa. Fatake masu dukiya a ciki ba su taɓa yin jayayya da ita ba.

Morishus ta fi su nisa a kudu, don haka lissafinta a juye yake. Daga Nuwamba zuwa Afrilu zafi ne da gumi, kuma a nan ne guguwar teku ke tasowa, musamman tsakanin Janairu da Maris. A Janairun 2024 guguwar Belal ta sa ambaliya ta kwashe motoci a titunan Port Louis, babban birnin ƙasar, a daidai watan da baƙi ke cika otal-otal. Seshels, mai tsibirai 115, ta tsira daga wannan saboda manyan tsibiranta, Mahé da Praslin da La Digue, suna kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda irin wannan guguwa ba ta cika samun ƙarfin juyawa ba. Amma Janairu ne watan da aka fi ruwa a can, kuma lokacin da tekunta ya fi kwanciya shi ne tsakanin iskokin biyu, wato Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Bali ta Indunusiya rani take daga Afrilu zuwa Oktoba. A daminarta, ban da ruwan sama, igiya kan kwaso tarkacen roba ta jibge a gaɓar yamma, irin su Kuta, abin da babu mai tallar otal da zai saka a hotonsa.

Akwai wani abu da ya sa wannan lissafi ya fi shafar mu fiye da Bature. Bukukuwanmu suna taruwa ne a wasu lokuta sanannu: rububin Sha'aban kafin azumi, bayan ƙaramar Sallah, bayan babbar Sallah, sai hutun ƙarshen shekara. Uku daga cikinsu kalandar Musulunci suke bi, wadda ke ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, alhali iskar teku kalandar rana take bi. A 2015 Sha'aban ya faɗo tsakanin Mayu da Yuni, lokacin da Bali da Morishus ke marhabin da baƙi, Maldibs kuma ta shiga damina. A 2026 ya faɗo tsakanin Janairu da Fabrairu, sai komai ya juye. Ke nan shawarar yayan da ya yi auren Sha'aban shekara goma da suka wuce, ya dawo yana yabon Bali, gaskiya ce a bakinsa, amma tana iya kai ƙaninsa cikin ruwa. A 'yan shekarun nan bikin bayan ƙaramar Sallah yana faɗawa cikin masikar Zanzibar, na bayan babbar Sallah kuma yana kusa da buɗewar raninta.

Mai ja da wannan magana zai ce damina ai ita ce lokacin araha, ruwan yankin zafi kuma na sa'a guda ne, ya zuba ya ɗauke rana ta fito. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ƙarama ba. Farashin ɗaki a Maldibs yana sauka sosai daga Mayu, ana kuma iya samun mako guda cur na rana a tsakiyar Yuli. Ga ma'auratan da kuɗinsu ba zai kai ga farashin Janairu ba, wannan caca ce da mai hankali zai iya shiga da idonsa a buɗe. Amma a lura da abu biyu. Na farko, damina suna ta tara. Ta Maldibs mai zuwa da tafiya ce, ta Zanzibar a Afrilu da Mayu kuwa tana iya yin kwanaki a jere, har wasu otal-otal kan rufe ƙofa su yi gyare-gyare. Na biyu, wanda ke zaune a tsibiri in ya rasa wannan makon yana da na gaba, mai cin amarci kuwa kwana biyar ko bakwai gare shi, ya biya tikitin da ya fi kuɗin ɗakin ciwo, kuma tikitin ba ya sauka gwargwadon yadda ɗakin ya sauka. In an haɗa jimillar tafiyar, rangwamen damina yakan fito ƙarami fiye da yadda talla ta nuna, haɗarin kuwa yana nan yadda yake. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: hadari ba a sama kaɗai yake aiki ba, yana tayar da teku, kuma amaryar da ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba za ta fara saninsa ne a kan igiya.

Wani kuma zai ce yanayin duniya ya rikice, kalandar da ba ta da tabbas ba abin dogaro ba ce. Shaidarsa tana da ƙarfi. A tsibiran Karebiyan lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma an saba ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, amma guguwar Beryl ta ragargaza tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada tun ranar 1 ga Yulin 2024. Tun 2011 kuma wata ciyawar teku mai wari in ta ruɓe take mamaye gaɓoɓin gabashin tsibiran yankin a watannin zafi. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne gefunan lokutan sun yi laushi, tsakiyarsu na nan. Fabrairu a Maldibs har yanzu ya fi Yuni bushewa. Darasin rikicewar yanayi shi ne a nufi tsakiyar rani, a guji makonnin da ke bakin iyaka.

Bayan an dace da wata, akwai sauran tambaya da yawancin masu saye ba sa yi: a wane gefen tsibirin otal ɗin yake? A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku yana janyewa sau biyu a yini har ya bar fili mai nisa, inda mata ke noman ciyawar teku. Abin kallo ne, amma wanda ya zo don wanka sai ya jira ruwa ya dawo. A Nungwi da Kendwa, can arewa, janyewar ba ta kai haka ba, shi ya sa suka fi cunkoso da hayaniya. A Morishus iskar kudu maso gabas tana dukan gaɓar gabas da kudu daga Yuni zuwa Satumba, yayin da yamma da arewa ke cikin kariyar duwatsu. Otal biyu masu farashi ɗaya a tsibiri ɗaya a mako ɗaya suna iya ba da hutu iri biyu.

Sai fasfo, wanda shi kaɗai ne ke iya rushe zaɓin da kalanda ta yi. Maldibs tana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi in ya nuna masauki da tikitin komawa. Tanzaniya kuwa ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da sai an nemi biza tun daga gida an jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni, kuma daga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44. Indunusiya ma tana tsaurara wa masu fasfon Najeriya. Seshels da ta yi suna da rashin neman biza ta taƙaita ba 'yan Najeriya izinin shiga yawon buɗe ido a 2023. Barbados ba ta neman biza daga ɗan Najeriya, amma hanyoyin zuwanta galibi ta Landan ko Amurka suke bi, can kuma ana neman takardar wucewa. Waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ofishin jakadanci ake tambaya kafin a biya ko sisi, a kuma riƙe katin rigakafin shawara. Tsibiran Tekun Indiya ta Addis Ababa ko Nairobi ko Doha ake isa gare su. A kusa da gida kuwa, Cape Verde tana cikin ECOWAS kuma tsibiranta na Sal da Boa Vista kusan ba sa ganin ruwa, sai dai hazon hunturun da aka baro a gida yakan bi mutum har can.

Maldibs ta cancanci ƙarin bayani, domin ita ce aka fi buri kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ƙasa ce ta Musulmi mai tsibirai kusan 1,200, waɗanda ƙasa da 200 ne ke da mazauna. Tun da aka buɗe otal na farko a 1972, tsarin shi ne tsibiri guda otal guda, nesa da jama'a. A nan ake sayar da giya, a nan Turawa ke shan rana da kayan wanka, kuma a nan baƙo ba shi da wani shago ko gidan abinci sai na otal ɗin, kowane lissafi kuma ana ɗora masa kashi 10 cikin ɗari na hidima da harajin gwamnati. Otal mai nisa sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuɗinsa ɗaruruwan daloli kowane mutum, kuma da rana kaɗai yake tashi, don haka wanda ya sauka filin jirgin Velana da yamma a kusa da Malé, babban birnin ƙasar, zai kwana. Daga 2009 gwamnati ta yarda a buɗe masaukan baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi. Can babu giya, akwai masallaci da kiran sallah, abinci halal ne ba sai an tambaya ba, farashi kuma ya yi ƙasa nesa ba kusa ba. Abin da aka rasa shi ne keɓewa. Ma'auratan da ke son amarya ta shiga ruwa ba idon kowa sai sun biya ɗaki mai katanga da wurin wankansa, kuma wannan a tsibiran otal ake samunsa. A Bali, inda mafi yawan jama'a Hindu ne kuma naman alade sanannen abinci ne, sai an riƙa tambaya, ko a tsallaka Lombok maƙwabciyarta ta Musulmi. Wanda zai je a Maris kuma ya duba ranar Nyepi, wadda ake rufe tsibirin duka har da filin jirgi na sa'a 24.

Saura wanda zuciyarsa ta kafe a kan tsibiri guda, watan bikinsa kuma bai dace ba. Babu dokar da ta ce sai washegarin walima za a hau jirgi. A al'adarmu ma makonnin farko na tarewa ne da karɓar 'yan ganin ɗaki da zagayen gaishe da dangi, kuma amaryar da ta ɓace a lokacin sai ta sha tambaya. Ma'auratan Afrilu masu son Zanzibar in suka jira ƙarshen Yuni, sun sami rani, sun sami lokacin da bizar ke buƙata, aljihun ango kuma ya ɗan farfaɗo daga hidimar biki. Waɗanda hutun aiki ya ɗaure su da makon bikin, su sai su sauya tsibiri, su kuma zaɓi ɗakin da ake mayar da kuɗinsa in an fasa, ko da ya ɗara wanda ba a mayarwa tsada.