In Aka Kai Ƙarar Ƙungiya, Wa Zai Biya?

 A wannan karo za mu ɗan jingine zancen farashi, mu duba wata magana wadda ba a cika son jinta ba sai ranar da sammaci ya iso, wato nauyin da doka ke ɗora wa ƙungiya da shugabanninta.

Da yawa daga cikinmu in an yi wani abu da sunan ƙungiya sai ka ji ana cewa, "Ai ba ni ba ne, ƙungiya ce." To alƙali ba ya tsayawa a nan. Tambayarsa ta farko ita ce, wace ce ƙungiyar, kuma ina takardarta? A idon doka ƙungiya mai cikakkiyar rajista kamar mutum ce mai zaman kanta: tana da suna, tana buɗe asusu a banki, tana kai ƙara, ana kai ƙararta, bashinta kuma nata ne. Wadda ba ta da rajista kuwa taron mutane ce kawai, komai yawan mambobinta, komai girman allon da aka kafa a bakin kara. Duk wanda ya sa hannu da sunanta, kansa ya sa wa hannu.

A nan Nijar, dokar ƙungiyoyi ta 1984, ta zamanin Seyni Kountché, wadda aka yi wa gyara a 1991, ta tanadi a kai wa hukuma tsarin dokokin ƙungiya da sunayen shugabanninta, a kuma samu izinin ma'aikatar cikin gida. Samun izinin bai ƙare magana ba. In an sake shugabanni ko an gyara tsarin, wajibi ne a sanar da hukuma. Nan ne sakaci ya fi yawa. Za ka iske ƙungiya ta yi zaɓe sau uku, amma a takardar da ke ofishin parfe sunan shugaban farko ne, wanda wataƙila ma Allah Ya yi masa rasuwa, a banki kuma tsohon ma'aji ne har yanzu ke da ikon sa hannu. Ranar da rigima ta tashi, lauyan abokin shari'a ba zai wahala ba. Zai ce mutanen da suka ƙulla yarjejeniyar ba su da ikon ƙulla ta da sunan ƙungiya, sai nauyin ya dawo wuyansu su kaɗai.

Sai kuma mu san irin rigar da muka sa, domin ba duk abin da muke kira ƙungiya ba ne doka ke yi wa kallo ɗaya. Ƙungiyar taimakon juna irin tamu ba a kafa ta don raba riba ba. Tana karɓar kuɗin shiga da na wata, ta taimaki wanda ya yi asara, ta yi magana da hukuma a madadinmu. Ranar da aka ɗebi kuɗin asusu aka sayi bijimai don Babbar Salla aka raba riba, an fita daga cikin abin da aka ba ta izini, kuma an buɗe wa masu haraji ƙofa. Masu son kasuwancin tarayya suna da wasu hanyoyi a ƙarƙashin dokokin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda ƙasashe 17 ke ciki, har da Nijar, Chadi, Kamaru, Benin da Togo. Nijeriya da Gana ba sa ciki.

A nan muna son ƴan'uwa su buɗe kunne. Mutane na gaggawar kafa GIE saboda ba ta da wahalar kafawa, ba ta ma buƙatar jari. Abin da ba a gaya musu shi ne, a GIE kowane mamba yana ɗaukar bashin tarayya da dukiyarsa ta kansa. In mai bin bashi ya nemi GIE ta biya ta kasa, yana da ikon ya zaɓi mutum guda cikinku, wanda ya ga ya fi garke, ya ce shi zai biya duka, sai fa in tun farko an yi wani sharaɗi da shi. A ce ku goma ne, ɗayanku ya ɗauki shanu tirela biyu da sunan tarayya ya yi ɓatan dabo a Ikko. Wanda bai ga ko wutsiyar shanun ba yana iya rasa gidansa. Ƙungiyar gama-kai kuwa, wato koperatif, wadda dokarta ta fito a 2010, ta sa iyaka: mamba yana ɗaukar gwargwadon hannun jarinsa, in tsarinsu ya ƙara ma ba zai wuce ninki 5 ba. Mutum 5 sun isa kafa ƙaramar. A ganinmu, ga masu harkar da rabinta bashi ne irin tamu, koperatif ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, ko da yake takardunta sun fi yawa.

Yanzu mu zo kan lamuni, wanda shi ne ƙashin bayan sana'armu, kuma shi ne ramin da ya fi cin shugabanni. Tun kaka da kakanni haka ake yi: baƙo ya kawo shanu, mai masauki ya tsaya wa mahauci, a ba shi bashi zuwa kasuwa mai zuwa, in bai biya ba mai masauki ya biya. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma duk wanda ya zauna gaban malam ya yi Risala ya san hukuncin mai lamuni, in wanda ya tsaya wa ya kasa shi ake kamawa. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka maida ƙungiya mai masauki. Mutum ya zo ofis ya ce, "Alhaji, a ɗan rubuta mini cewa ƙungiya ta san ni, Bafillatanin nan ya ƙi sakin shanu." Shugaba don kunya ya rubuta, ya ƙara da cewa ƙungiya ta tsaya masa, ya buga hatimi. Babu adadin kuɗi, babu ranar biya, babu wanda ya shawarci sauran mambobi.

Dokar OHADA ta lamuni, wadda aka sabunta a 2010, ta tsaurara a nan, kuma tsaurin gata ne gare mu. Lamuni sai a rubuce, da sa hannun mai lamuni da na mai bin bashi, kuma mai lamuni ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya tsaya a kai, da lamba da kuma haruffa. Wanda bai iya rubutu ba sai an kawo shaidu biyu da za su tabbatar an fahimtar da shi abin da yake ɗauka. Sa'an nan in ba a rubuta akasin haka ba, doka na ɗaukar mai lamuni da mai cin bashi a ɗaure da igiya ɗaya, ba sai an sayar da kayan mai cin bashin ƙarƙaf kafin a taɓa mai lamuni ba. Saboda haka takardar shaida daban, takardar lamuni daban. Ta shaida ta tsaya a kan cewa wane mamba ne, yana biyan kuɗin wata, shi ke nan. Ta lamuni kuwa, in har ƙungiya za ta yi, to kwamiti ya zauna, a rubuta a littafin taro, a sa iyaka, a karɓi jingina. Mu dai da za a bi tamu, ƙungiya ba za ta tsaya wa kowa da asusunta ba. Mai son tsaya wa ɗan'uwansa ya tsaya da sunansa. Kuɗin asusu na marayun mambobi ne da waɗanda mota ta faɗi da su. Kuma rubuta bashi ba baƙon abu ba ne gare mu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Hatimin nan yana da wani haɗari da ya fi na kuɗi, domin shi gidan kaso yake kaiwa. Kowa ya san yadda satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara, Katsina da Sakkwato, da kudancin Maraɗi, da yankin Tafkin Chadi. Shanun sata ba sa zama a daji, kasuwa suke nema, kuma abin da ɓarawo ya fi buƙata shi ne takarda mai hatimi. In sakatare ya buga wa garken da bai san asalinsa ba, aka kama garken a Jibiya ko Illela, jandarma ko ɗan sanda sunan da ke ƙarƙashin hatimin zai fara nema. A laifi irin wannan rajista ba ta kare kowa. Rajista tana raba bashin ƙungiya da aljihunka, amma ba ta ɗauke maka laifin da hannunka ya aikata. Maganin ba mai tsada ba ne: littafi guda mai lambar shafi, a rubuta sunan mai sayarwa da lambar katinsa, dillalin da ya tsaya, yawan dabbobi, launinsu, tambarin da ke jikinsu da tsagar kunne. Hatimi ya kwana a akwati mai makulli, ba a aljihun yaron ofis ba. Wanda ya kawo shanu tsakar dare da rabin farashi, yana gaggawa, kun san sauran.

Game da ma'aji, malamanmu sun riga sun warware: mai ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta ba tare da sakaci ko wuce iyaka ba, amma da zarar ya taɓa kuɗin ya juya su, sun zama bashi a kansa, ko ɓarayi suka ƙwace sai ya biya. Dokar ƙasa ma cin amana take kiran wannan. Gatan ma'aji shi ne kada kuɗi su kwana a gidansa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, kowane shigi da fici da rasit. Ku tuna ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adi, masu ajiyar tsofaffin kuɗi a buhu a wannan gefen iyaka suka shiga uku kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Dattawa kuma ba su manta Janairun 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Duk yarjejeniyar da ƙungiya za ta shaida a faɗi da wane kuɗi za a biya, naira, sefar yamma ko sefar tsakiya, domin "jikka dubu" ba tare da bayani ba ita kanta shari'a ce.

Masu gadi, ƴan lodi da ƴan kore da ƙungiya ke biya albashi, ma'aikatanta ne. In sa ya soki ɗayansu a bakin aiki, ko shi ya yi wa wani ɓarna cikin aikinsa, ita za a tambaya, shi ya sa ya kamata a yi musu rajista a CNSS. Dabbar da ta kuɓuce ta shiga gona ko ta tare wa mai babur hanya, dokar da muka gada daga Faransa ta ɗora diyyar a kan mai ita ko wanda take hannunsa a lokacin, don haka in ƙungiya ta gina shinge tana karɓar kuɗin kwana, ta san abin da ta ɗauka. Inshorar dole ta mota kuwa mutanen da aka yi wa ɓarna take biya, ba shanun da ke cikin tirela ba. Su sai an yi musu tasu daban.

Izinin da aka ba mu a Yamai a iyaka yake tsayawa. Mai son buɗe reshe a Nijeriya sai ya bi ta hukumar CAC, a yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a riƙa kai rahoton shekara. A Kamaru, dokar 1990 ta sauƙaƙa wa ƴan ƙasa, sanarwa kawai suke kai wa parfe, in ya yi shiru wata biyu an karɓa ke nan. Amma ƙungiyar da baƙi ke jagoranta, ko fiye da rabin mambobinta baƙi ne, ta ƙasar waje ce a wurinsu, sai da izini na musamman. Ƴan'uwanmu na Garwa, Marwa da Ngaundare su ƙirga mambobinsu da kyau. Dokokin iyaka kuma ba sa zama wuri ɗaya: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe tamu da ita a 2023 har zuwa Maris na 2024, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Duk lokacin da aka rufe, sai a matsa wa shugabanni su "shirya hanya", a tara kuɗi daga mambobi don a sallami na bakin shinge. Wasu sakatarori don tsabar gaskiya har rubutawa suke a littafi. Wannan littafin in ya shiga hannun mai bincike, shaida ce a kan kwamiti gaba ɗaya. Ƙungiya ta biya abin da duwan da likitan dabbobi za su ba da rasit a kai, abin da ba shi da rasit ta kai kuka a rubuce ga hukuma.

Haka nan kuɗin kasuwa. Harajin kara na ma'aikatar magajin gari ne. In ƙungiya za ta karɓa a madadinta, to a samu yarjejeniya a rubuce mai faɗin kason kowa. Mambanmu muna iya cin sa tara bisa tsarin da ya sa wa hannu, amma baƙon da bai shiga ba, ba mu da ikon tsare masa dabba ko hana shi lodi don ya ƙi biyan kuɗin ƙungiya. In ya tafi wurin jandarma, ƙwace za a rubuta.

Rigimar da ke tsakanin mambobi kuwa, a sa a cikin tsari cewa sai an fara zama gaban kwamitin sulhu, da sarkin shanu ko wakilinsa, kafin kowa ya nufi kotu. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi nan take, da adadin kuɗi da ranar biya, masu rigimar biyu da shaidu biyu su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa, na uku ya shiga akwatin hatimi.