Mazan Jiya a Ƙofar Sha-ka-tafi

 Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Bacirawa, arewa da birnin Kano, ƙasar da gona ke manne da gona, ba ka rabuwa da wani gida sai ka hango na gaba.

A irin waɗannan garuruwa akwai dattijon da kowa ya sani. Da hantsi yana kan dakali, sandarsa a jingine, bayansa a miƙe duk da tsufa. Tambaye shi abin da ya karya da shi, ƙila ya yi jim. Tambaye shi lambarsa ta soja, zai zubo maka ita tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe. Yara na ce masa Baba Saje. Idan za ka yi masa magana sai ka zagayo ta kunnen da ke ji, ɗayan ƙarar igwa ta tafi da shi tun yana saurayi.

An fara yaƙin basasa a watan Yulin 1967, aka gama ranar 15 ga Janairun 1970, shi ya sa har yau a wannan rana ake tunawa da mazan jiya. Rundunar da ba ta fi mutum dubu 10 ba kafin yaƙin ta kai wajen dubu 250 a ƙarshensa, kuma samarin ƙauyukan Arewa da yawa ne suka ajiye fartanya suka shiga kurtu. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 a 1968, yanzu yana bakin 80. 'Yan Bama na yaƙin duniya na biyu kusan duk ƙasa ta rufe musu ido. Waɗanda suka je Laberiya daga 1990 kuwa furfura ta kama su, suna tafe a baya.

To wa ke duba lafiyarsu? Akwai asibiti a Barikin Bukavu, akwai babban asibitin soja na 44 a Kaduna, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma ranar da jiki ya motsa cikin dare, ba can ake fara zuwa ba. Kemis ɗin bakin hanya ake aika jika, gari ya waye a kai Baba sha-ka-tafi. Malamin asibitin da ke wurin ya ƙware a zazzaɓin cizon sauro, awon ciki da rigakafin yara, domin a nan aka fi ba shi horo. Jikin tsoho kuwa wani karatu ne daban.

Ku saurari wannan. An kawo dattijo jiya lafiya lau, yau yana sambatu, bai gane 'yarsa ba, yana neman bindigarsa. 'Yan gida sun ce gigin tsufa ne, wasu sun ce iska ce. Alhali gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni, shekara da shekaru. Ruɗewar dare ɗaya sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko fitsari ya riƙe, ko ƙishirwar bazara, ko suga ya faɗi, ko kuma wani magani ne ya yi masa yawa. Duk ana iya magance su idan an gano da wuri. Sai a ce a zazzage ledar maganinsa a kan tebur: na hawan jini daga asibiti, diclofenac da ibuprofen daga kemis saboda tsohon raunin gwiwa, ga jiƙo a gora. Waɗannan magungunan ciwon jiki, in aka daɗe ana sha, suna cin ƙoda, su tayar da gyambon ciki, su ƙara hawan jinin da ake nema a saukar. Ƙodar tsoho dama ta rage aiki, abin da saurayi zai haɗiye lafiya shi sai ya kayar da shi.

Akwai kuma abin da ba a gani a awo. Wani ya shekara 40 bai taɓa zancen fagen daga ba, sai bayan ƙarfi ya ƙare, matar ta rasu, mafarkin ya dawo. Tambaya ɗaya, "Baba, ka yi soja?", tana iya buɗe wannan ƙofa, amma ba kasafai ake yin ta ba.

A Amurka, tun 1975 hukumar kula da mazan jiya ta kafa cibiyoyin da suka haɗa bincike, koyarwa da jinyar tsofaffin sojoji wuri guda, yanzu sun kai 20. Mu a nan, cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi an buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012, da sunan Cif Tony Anenih. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021. An soma, ba laifi. Sai dai tsakanin Ibadan da Bacirawa akwai tafiya.

A ganina ba sai an jira sabon gini ba. Likitoci da ma'aikatan jinya dama sai sun yi kwas na ƙarin ilimi kafin a sabunta musu lasisi. A sa darasin tsofaffi a ciki, a sauko da bitar har kan malaman sha-ka-tafi da masu kemis, a yi ta da Hausa. Masu bincike na Jami'ar Bayero kuma ba za su sha wahalar neman dattawan ba: ƙungiyar mazan jiya ta Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, tana da rassa, kuma 'ya'yanta sun san gidajen juna da wanda ya kwana biyu bai fito dakali ba.

Nan za mu dakata. Sai wani makon, idan Allah ya kai mu.