Yadda A Ke Ƙirga Barewa Ba Tare Da An Gan Ta Ba

A ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, akwai wata irin barewa ja, babba. Namijinta yana da ƙaho mai rassa kamar itace. Da can kyarkeci ne ke rage yawanta, amma yau fiye da shekara 200 ke nan babu kyarkeci a ƙasar. Saboda haka bareyi suka yi yawa. Suna cinye ƙananan itatuwa tun suna tsiro, daji ya kasa tasowa.

Tilas ma'aikatan gandun daji su san yawansu, don su san nawa za a rage. Amma barewa akwai tsoro. Da ta ji motsi sai ta shige duhuwa. To, yaya za a ƙirga abin da ba ya tsayawa? Sai a koma ga kashinta.

Kashin barewa kamar na akuya ya ke, tsibi-tsibi. Ma'aikata su kan auna ƙananan filaye nan da can cikin daji, su kafa turaku, su share kashin da ke ciki sarai. Bayan 'yan kwanaki su komo, su ƙirga sabbin tsibi. Ba su daɗewa ainun, don kada ruwan sama da ƙwari su ɓata kashin.

An gane barewar nan ta kan zuba tsibi wajen 25 a kwana ɗaya. Bari mu yi lissafi. A ce filayen da aka auna kashi ɗaya ne cikin 100 na dajin, aka sami tsibi 50 bayan kwana 10. Watau dajin duka yana da tsibi 5,000. Barewa ɗaya tana zuba 250 a kwana 10. Ku raba 5,000 da 250. Bareyi 20 ke nan.

Kashin yana ba da wani labari kuma. Inda ya fi yawa, nan su ke kiwo ko kwanciya. Inda aka ga ƙanana a gauraye da matsakaita, garken mata ne da 'ya'yansu. Maza kuwa dabam su ke tafiya, sai lokacin barbara, wajen Satumba da Oktoba.

Maharbanmu ma sun iya karanta sawu da kashi. Abin da waɗannan ma'aikata suka ƙara shi ne awo, da lissafi, da rubutawa a littafi. Da haka a ke sanin ko bareyin bana sun fi na bara yawa.