Newport, Garin Bakin Kogin Usk

Sau biyu a rana kogin Usk kan janye, ya bar taɓo a tsakiyar Newport da ke kudancin Wales, kafin teku ya sake turo ruwa ya cika shi maƙil. Baƙo zai yatsine fuska, amma 'yan gari ba sa raina wannan taɓo. A 2002 ana haƙa harsashin gidan wasan kwaikwayo a gaɓar kogin, sai ga jirgin ruwa na katako tun ƙarni na 15 kwance a cikin taɓon. A shekarar ce kuma garin ya samu matsayin birni.

Kwal ne ya ɗaga Newport. Daga ramukan haƙa na kwarurrukan da ke arewa da garin ake sauko da shi tashar ruwa, a yi lodi zuwa ƙasashen waje. Don kada a tare wa manyan jirage hanya, a 1906 aka buɗe wata gada mai ban mamaki: dogayen turaku na ƙarfe a gaɓa biyu, da dandamali rataye da igiyoyin waya, mutane da motoci su hau, a ja su zuwa wancan ƙetaren. Kaɗan ne irinta suka rage a duniya.

Garin ya ga jini ma. Ranar 4 ga Nuwamba 1839, John Frost ya jagoranci dubban ma'aikata masu neman kowane namiji ya samu ƙuri'a, sojoji suka buɗe musu wuta a Otal ɗin Westgate, sama da ashirin suka mutu. A ganina, da wannan rana ya kamata Newport ya yi taƙama, fiye da gasar golf ta Ryder Cup da ya karɓa a 2010.

Kamfanin ƙarfe na Llanwern ya daina narka ƙarfe a 2001, gidaje da yawa suka ji jiki. Yau albashin mutane da dama daga ofis yake fitowa, musamman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya, wadda hedikwatarta ke nan.

In ka je, ka leƙa unguwar Pillgwenlly, wadda 'yan gari ke ce wa Pill. Akwai masallatai da shagunan naman halal, da jikokin matuƙan jirgi 'yan Yaman da Somaliya. Kada allon hanya ya rikita ka in ka ga an rubuta Casnewydd, sunan garin ke nan da harshen Wales.