Depeche Mode: tarihin faya-fayansu daga 1981 zuwa 2023

An kafa ƙungiyar Depeche Mode a shekarar 1980 a Basildon, wani gari da ke gabashin Landan. Samari huɗu ne suka tayar da ita: Vince Clarke, Martin Gore, Andy Fletcher da Dave Gahan, wanda shi ne mai rera waƙa. Abin da ya bambanta su da yawancin makaɗan lokacin shi ne sun ajiye jita da ganguna, suka rungumi sintasaiza, na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, ana kaɗa ta kamar fiyano.

Daniel Miller, mai ƙaramin kamfanin Mute Records, shi ya ɗauke su, kuma da musafaha kawai aka ƙulla cinikin, ba takarda ba sa hannu. A 1981 suka saki waƙoƙi uku. Ta ukun, "Just Can't Get Enough", ta kai mataki na 8 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Kundinsu na farko, Speak & Spell, bai daɗe da fitowa ba sai Clarke, wanda ya rubuta kusan dukkan waƙoƙinsa, ya kama gabansa. Daga baya shi ya kafa Yazoo da Erasure.

Nauyin rubutu ya faɗa kan Gore, kuma daga nan waƙoƙin suka fara duhu: zunubi, soyayya mai ciwo, shakku game da addini. An kuma ɗauki Alan Wilder ta hanyar talla a jaridar Melody Maker. Wilder ƙwararren makaɗi ne mai haƙurin zaman situdiyo, kuma a nan ne ƙungiyar ta sami muryarta. Lokacin aikin Construction Time Again na 1983, sukan fita da rikoda su naɗi ƙarar bututun ƙarfe da tarkacen da suka buga da hannu, su loda sautin cikin na'ura, sannan su kaɗa shi a kan kibod tamkar ganga. A situdiyon Hansa da ke Yammacin Berlin, dab da katangar da ta raba birnin, aka tace kundin. Da wannan salo suka yi "People Are People" a 1984, wadda ta zo ta 4 a Birtaniya, ta ɗaya a Jamus ta Yamma.

Black Celebration na 1986 da Music for the Masses na 1987 suka buɗe musu ƙofar Amurka. Ranar 18 ga Yuni 1988 sama da mutum 60,000 suka cika filin Rose Bowl na Pasadena, wasan da aka fitar a faifai da fim mai suna 101.

Violator, wanda ya fito a Maris 1990 da hannun furodusa Flood, shi ne ƙololuwar aikinsu, kuma da wuya a sami mai musun hakan. Jita ta dawo fili a "Personal Jesus". Ita kuwa "Enjoy the Silence", Gore ya kawo ta ne a hankali, murya da harmoniyam kawai. Wilder ya ba da shawarar a ƙara mata sauri a ɗora mata kiɗan rawa, Gore bai so ba da farko, amma ita ce ta ci kyautar Brit a 1991. Songs of Faith and Devotion na 1993 ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya da Amurka, sai dai ya bar baya da ƙura. Wilder ya fice a 1995 yana ƙorafin ba a yaba wahalarsa. A 1996 miyagun ƙwayoyi suka kusa hallaka Gahan a Los Angeles, har zuciyarsa ta tsaya na ɗan lokaci. Duk da haka Ultra ya fito a 1997, ya kuma zo na ɗaya a Birtaniya.

Bayan nan sai suka koma fitar da kundi kusan duk shekara huɗu: Exciter a 2001, Playing the Angel a 2005, inda Gahan ya fara saka waƙoƙin da ya rubuta, sannan uku suka biyo baya har zuwa Spirit na 2017. Ayyuka ne masu tsabta, amma babu ƙirƙirar zamanin Wilder a cikinsu. Abin mamaki, duk da wannan ɗaukaka, babu waƙarsu ko guda da ta taɓa zama ta ɗaya a ƙasarsu.

An karrama su a Rock and Roll Hall of Fame a 2020. Fletcher ya rasu a Mayu 2022 yana da shekara 60, kuma Gore da Gahan su biyu suka kammala Memento Mori, kundi na 15, wanda ya fito a Maris 2023.