Garkuwar Jiki: Masu Tsaro Biyu da ke Kare 'Ya'yanmu

Sau da yawa mukan ga ƙyanda ta shiga gida ta kwantar da yara, amma dattijuwar da ta yi ta tun tana ƙarama ta yi jinyarsu ba ta kamu ba. Sirrin yana cikin garkuwar jiki, wadda masana suka kasa gida biyu.

Ta farko da ita ake haihuwarmu. Fata katanga ce, majina tana riƙe ƙura da ƙwayoyin cuta, hawaye da ruwan tsamin ciki kuma suna kashe da yawa daga cikinsu. In ƙaya ta soki yaro, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan ruga wurin cikin 'yan sa'o'i su haɗiye baƙin. Kumburi da zafi da mugunya alamun wannan gumurzu ne. Tana da hanzari, sai dai ba ta riƙe kamannin abokin gaba.

Ta biyu koyo take yi. Dakarunta su ne ƙwayoyin B, masu ƙera makami daidai da kowace cuta, da ƙwayoyin T, masu halaka ƙwayoyin jikin da cuta ta ɓuya a ciki. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi sansaninsu ce. A karon farko sukan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin su kimtsa, amma daga nan sun shaida cutar. In ta dawo, da wuri za su tare ta.

Wannan jinkiri shi ne haɗarin, domin cuta irin sanƙarau ba ta jira. Aikin rigakafi ke nan: a nuna wa jiki kamannin cutar tun ba ta zo ba. Ta haka aka ga bayan agana a duniya a 1980, kuma allurar sanƙarau da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in A.

Jariri kuwa aron makamai yake yi daga uwa, tun a ciki, sannan ta dakashi, wato nonon farko. Aron yakan ƙare cikin watanni, shi ya sa ake allurar ƙyanda a wata 9. Saboda haka kada mu zubar da dakashi, kada kuma mu ajiye katin rigakafi sai an cika shi. Rigakafi ya fi magani.