Ko Kun Sani?

Althea Gibson, Ba'amurkiya da aka haifa a 1927, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya, wato gasar Faransa ta 1956. A 1957 ta lashe Wimbledon da gasar Amurka, ta kuma maimaita a 1958. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ma ta miƙa mata kambun Wimbledon na farkon hannu da hannu. Sai dai suna kawai ta samu, domin a zamanin ko sisi ba a ba zakarun waɗannan gasanni. Neman abin kai wa bakin salati ya sa ta bar su, daga baya har ta koma wasan golf. Ta rasu a 2003.